Lambobin yaƙin kakanninmu: ƙarfen na hannun ɗan gwanjo, labarin na bakin tsohuwa

Ranar da aka buɗe adakar ƙanin kakanmu bayan sadakar arba'in ina nan tsaye a bakin ƙofar ɗaki, yaro ne ni amma na yi wayo. An fito da wata tsohuwar jar hula da asu ya gama cinyewa, da bel mai faɗi, sai wani gwangwanin madara da aka toshe bakinsa da tsumma. Da aka zazzage shi a kan tabarma sai ga lambobi guda huɗu, biyu taurari ne masu tsini shida launin tagulla, biyu kuma zagayayyu farare kamar manyan sulalla, ƙyallen da ake rataya su da shi duk ya koɗe ya manne da juna. A ƙasan gwangwanin akwai wani ɗan littafi naɗe a leda wanda ba wanda ya kula shi. Ba a yi shekara ba wani dillali mai bin gidaje yana sayen tsoffin kwabbai masu huji da takubba da tasoshin tagulla ya biyo ta unguwarmu, aka miƙa masa lambobin nan huɗu ya ba da abin da bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba, ya zuba su a jaka ya wuce. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba dillalin nake jin haushi ba, shi sana'arsa ya yi.

To wai me ya saya, kuma ina irin waɗannan lambobin suke zuwa? Akwai wata duniya guda ta masu tara lambobin yaƙi, wadda yawancinmu ba mu ma san da ita ba. A Landan akwai gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans da suka yi suna a wannan harka, suna buga kundi mai hotuna, kowace lamba da bayanin wanda aka ba da inda ya yi yaƙi da kuɗin da ake sa ran za ta yi. A shekarar 2022 an sayar da wata Victoria Cross, wadda ita ce ƙololuwar lambar jarumta ta Birtaniya, a kan fam 930,000, ta wani ne mai suna Thomas Kavanagh da ya samu a Lakno ta Indiya a 1857. Wani attajiri kuma, Lord Ashcroft, shi kaɗai ya tara irinta sama da 200. Wannan saman kasuwar ke nan. A ƙasanta kuwa akwai dubban mutane, tsofaffin sojoji da malaman makaranta da masu fansho, waɗanda ke sayen lamba ta fam ashirin ko talatin a intanet su zauna su yi wata guda suna binciken mai ita.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne lambobin nan iri biyu ne, kuma mu a nan duk lambar yabo muke ce musu, tsofaffi su ce minda. Akwai ta jarumta, wadda sai mutum ya yi wani abu na fitar hankali a fagen fama hafsansa ya rubuta rahoto an amince sannan a ba shi, irin su Military Medal da DCM. Waɗannan ba su da yawa. Sai kuma ta halarta, wato shaidar cewa wane ya je yaƙi kaza a wuri kaza tsakanin rana kaza da rana kaza, wannan kowa da ya cika sharaɗi ana ba shi, daga janar har kurtu har mai dafa abinci. Lambobin gidanmu duk na halarta ne. Daga baya da na ga hotuna na gane su sarai: tauraruwar 1939 zuwa 1945, da tauraruwar Burma mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo a gefe, wadda ake ba wanda ya yi aiki a can tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945, sai lambar tsaro, sai lambar yaƙi mai hoton zaki tsaye a kan wani dodo, ita wannan kwana 28 kawai a cikin kaki ya isa a ba ka.

Ga inda maganar take da ciwo. A yaƙin duniya na farko Ingila ta buga sunan kowane soja a jikin lambarsa, lambar aikinsa da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa, a gefen masu zagaye, a bayan masu tauraro. Shi ya sa yau in mutum ya tsinci lambar 1914 zuwa 1918 zai iya juya ta ya karanta, ya je ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew a Landan, ko ma ya shiga shafinsu, ya nemo katin mutumin. Amma a yaƙi na biyu, yaƙin Hitila, sai aka raba su haka nan babu suna. Ostireliya da Afirka ta Kudu da Indiya sun buga wa nasu sojojin suna, na Ingila kuwa da na ƙasashen da take mulka irin namu fayau suka fito. Ma'ana tauraruwar Burma ta ƙanin kakana da ta wani bature ɗan Manchesta babu abin da ya bambanta su ko ƙwayar zarra. Muddin tana cikin gwangwani tare da littafinsa, a ɗakin matarsa, tasa ce. Ranar da ta fita daga gidan ta zama ta kowa, ɗaya daga cikin dubban ɗaruruwa, kuma babu wani masani a duniya da zai iya mayar da ita ga mai ita. Shi ya sa ma ba ta da tsada a kasuwa. Masu tarawa ba tagulla suke saya ba, mutum suke saya, suna da labari, kuma in aka haɗa lambobin da littafin sallama da hoto da wasiƙa sai kuɗin ya ninka sau da yawa. Dillalinmu ya ɗauki ɓawo ya bar ƙwaya a kan tabarma bai sani ba, mu ma ba mu sani ba.

Su wane ne mutanen nan da har suka je ƙarshen duniya? Rundunar ita ce wadda Lugga ya kafa a 1897, ta Afirka ta Yamma, mai alamar bishiyar kwakwa a hula, da jar dara da jar ɗamara a ranar fareti. A wancan zamani Hausa ce harshen bariki, ko kai Babarbare ne ko Tibi ko Bazabarme ko ɗan arewacin Gana in ka shiga sai ka koya, hafsoshin turawa ma sai sun ci jarrabawar Hausa. A 1941 birged ta 23 ta Najeriya tana cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya suka kora su har cikin Habasha, tafiyar sama da mil dubu, wanda ya yi wannan shi ake ba tauraruwar Afirka. Sai a 1943 aka kafa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, aka zuba su a jirgin ruwa sai Indiya, daga nan sai dazukan Burma, wadda tsofaffi ke ce wa Bama, ba Bama ta Borno ba, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Kimanin mutum 90,000 daga Afirka ta Yamma suka je can, mafi yawansu daga Najeriya.

Ku dubi alamomin da suke ɗinkawa a kafaɗa, ni su suka fi taɓa ni. Ta 81 gizo-gizo ne baƙi, Anansi na tatsuniyar mutanen Gana, wanda shi ne dai Gizon namu. Ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammo fa, na ɗaukar kaya. Dalili shi ne a kwarin Kaladan da tsaunukan Arakan babu hanyar mota, don haka dubban mutanenmu aikinsu shi ne ɗaukar harsashi da abinci da kayan waya a ka, suna hawa tudu suna gangarawa cikin damina da matsattsaku da zazzaɓi, jirgin sama na jefo musu guzuri daga sama, su kuma da adda da gatari suka sare hanyar jif ta fiye da mil 70 a cikin dajin. Bataliya uku ta Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su an haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate da ake saukewa a bayan layin Japan a 1944. A watan Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung. Duk wanda ya taɓa wucewa ta barikin Dalet ko Kalapanzin a Kaduna, ko barikin Chindit a Zariya, ko Letmauk a Ibadan, ko Arakan a Apapa, ko Dodan a Ikoyi inda shugabannin soja suka yi mulkin ƙasar nan, ko Burma Camp a Akra, to sunayen wancan yaƙin yake karantawa. Mutane da yawa sun ɗauka Dodan daga dodo ne, alhali wani wuri ne a Burma da aka gwabza.

Ko a inda aka buga suna ma akwai wata matsala tamu ta musamman. Akawun da ke ɗaukar soja ba ya tambayar sunan uba da kaka, suna ɗaya yake rubutawa ya liƙa masa gari ko ƙabila, sai ka ga Musa Bauchi, Audu Kano, Garba Sakkwato, an kuma rubuta su yadda kunnen bature ya ji, Awudu, Garuba, Momadu. Wani ma ba sunansa ba ne, ya gudo ne daga gida ko daga hannun ubangijinsa ya ɗauki sabon suna a bakin bariki, wani kuma hakimi ne ya turo shi don a cika adadin da aka yanka wa ƙasarsa. Yanzu in ka samu lambar azurfa an rubuta Audu Kano a gefenta, wane Audun, a wace unguwa? Abin da kaɗai ke rarrabewa shi ne lambar aiki, wadda a yaƙi na biyu ta 'yan Najeriya ke farawa da NA. Shi ya sa tsohon soja zai iya manta shekarunsa amma ba ya manta lambarsa.

Kaɗan ne suka tsira da sunansu. Akwai Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas, wato Gana ta yau, wanda tarihi ya rubuta cewa shi ne sojan Birtaniya na farko da ya harba bindiga a yaƙin duniya na farko, a Togo, watan Agusta 1914, daga baya ya kai samanja ya samu DCM da Military Medal. Akwai Chari Maigumeri, mutumin Borno, wanda ya fara aikin soja a hannun Jamus a Kamaru, labarin da ya shahara a kansa ma shi ne har sun ba shi lambarsu ta jarumta, sannan ya dawo ɓangaren Ingila ya yi musu yaƙi na farko da na biyu har Burma, ya yi ritaya a 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa, barikin Lokoja sunansa yake ɗauke da shi. Ka ga ƙirji ɗaya da lambobin sarakuna biyu masu gaba da juna, kuma babu ɗaya daga cikinsu da yake sarkin garinsu.

Wannan ya kawo ni kan abin da ba na son a tsallake, domin masu son abin soja kan tsallake shi. Ba kowace lamba ce abin alfahari a wurinmu ba. Akwai wata ta azurfa da aka fara a 1902 don yaƙe-yaƙen Afirka, ana maƙala mata 'yan sanduna a kan ƙyallen, kowace sanda da sunan yaƙi. Ɗaya an rubuta mata N. Nigeria 1903. Wannan ita ce ta faɗuwar Kano a watan Fabrairu, da Sakkwato a watan Maris, da Burmi a watan Yuli inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru da ɗimbin jama'arsa. Wata an rubuta 1906, ta Satiru ce da Haɗeja. Kuma yawancin waɗanda suka riƙe bindigogin a waɗannan ranaku ba turawa ba ne, masu magana da Hausa ne, sunayensu na nan a gefen azurfar. Masu tarawa na neman irin wannan ruwa a jallo saboda ba ta da yawa. Ni in na ga hotonta a kundin gwanjo jikina sanyi yake yi, amma duk da haka ba na so a narka ta ko a ɓoye, shaida ce, kuma rundunar da ta ci Kano ita ce dai jikokinta suka tafi Kaladan bayan shekara arba'in. Ba za ka ɗauki rabin tarihin ka bar rabi ba.

Sannan akwai tambayar me aka ba su bayan ƙarfen. A 2019 an bankaɗo wata takardar gwamnati ta 1945 game da sojojin Gabashin Afirka, wadda ta nuna kuɗin sallamar farabiti bature sule 10 ne a kan kowane watan aiki, na baƙar fata sule 3 da sisi. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto da kanta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, ƙila ma har 350,000, da suka mutu a yaƙin farko, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, har sai da ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. A ɓangaren 'yan'uwanmu na Nijar da sauran ƙasashen Faransa abin ya fi muni, a Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga sansanin fursuna na Jamus suna neman albashinsu, sannan daga 1959 aka daskarar da fanshon waɗanda suka rage aka bar shi a yadda yake shekara da shekaru. To in tsoho ya dawo ya ƙare a gadin kanti ko masinjan ofis, ya jefa lambobin a gwangwani bai sake waiwayarsu ba sai ranar fareti, wa zai ga laifinsa? Kuma in 'ya'yansa ba su ɗauke su da daraja ba, daga wurin wa za su koya?

Shi ya sa ra'ayina a kan masu tarawa ya rabu biyu. Gaskiya ne abin da ciwo a ce kayan kakanka na cikin akwatin gilashi a gidan wani a Ingila, kuma kasuwar cike take da jabu, ana ƙera sababbi a tsufar da su, ana goge suna a buga wani, ana haɗa lambobin mutum uku a ce na mutum ɗaya ne don su yi kuɗi. Amma kuma wallahi sau da yawa ɗan abin da aka sani game da wani kofur ko saje na rundunar Najeriya, mai tarawa ne ya tono shi, shi ya biya kuɗi ya kwafo rahoton da hafsa ya rubuta, ya gano ranar da kogin da aka tsallaka. Lokacin da azurfa ta yi tsada wajen 1980 lambobin yaƙin farko da yawa narka su aka yi aka sayar a kan nauyi, suna da komai, waɗanda suka tsira galibi a hannun irin waɗannan mutanen suka tsira. Mu kuwa da muke da haƙƙin abin, kowace 15 ga Janairu ana ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni a saki tantabaru, manya su maƙala alama a riga, amma ka je ka tambayi ɗalibin sakandare a Zariya me ya sa ake ce wa barikin garinsu Chindit. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a ga gawarsu ba, cikinsu har da namu, kuma sunayen suna nan kyauta a shafin hukumar kaburburan, mutum na iya rubuta Kano ko Katsina ko Yola a gurbin suna ya ga abin da zai fito. Ni na yi, kuma na daɗe a zaune ban tashi ba.

Kuma fa abin bai tsaya a zamanin turawa ba, waɗanda suka je Kwango daga 1960, da na yaƙin basasa, da na Ekomog a Laberiya da Saliyo, da na Dafur, da yaran sojojinmu da ke dajin Sambisa yanzu, duk ana ba su lambobi, duk kuma gwangwani ɗaya suke nufa in ba a yi wani abu ba. Wanda ke da irin wannan a gida, shawarata kada ya raba su, kada a yi rabon gado a ba wannan ɗaya a ba wancan ɗaya, a bar su tare da takardunsu. Kada a goge su da toka ko yashi don su yi ƙyalli, gogewar na cinye rubutun gefen, kuma kada a yar da tsohon ƙyallen ko ya koɗe. A ɗauki hoton gaba da baya da gefe. Sannan a rubuta a takarda cikakken sunan mutumin na gida, da sunan da ya yi aiki da shi, da lambarsa, da garinsu, a saka a ciki. Wannan 'yar takardar ita ce abin da gwamnatin Ingila ba ta yi ba a 1945.

Ɗan littafin nan na cikin leda ya tsira, goggonmu ce ta ɗauke shi ranar, ba don ta iya karantawa ba sai don ta ga hannun babanta ya dangwala yatsa a ciki. Bara da na je gaishe ta na ce goggo ko kina tuna wani abu da baba yake faɗa game da Bama, ta ce yo ai ba ya son maganar, sai dai in an yi ruwan sama mai yawa ya zauna a zaure ya yi shiru, wani lokaci ya ce a can ruwa ba ya ɗaukewa. Ta ce akwai wani abokinsa mutumin Gwambe da suke ɗaukar kaya tare, kogi ya tafi da shi da kayan a kansa, kuma duk azumi sai ya yi masa sadakar ƙosai har ya rasu. Na kunna wayata na ce ta maimaita. Da muka gama sai ta ce tsaya, ta rufe ido ta karanto lambarsa ta soja da turanci, ita da ba ta taɓa shiga aji ba, yadda ta ji yana faɗa tun tana yarinya. Na buɗe littafin na bi da yatsa, ba ta kuskure ko ɗaya ba.